Kwando Uku na Ƙaiƙayi

An yi wasu garuruwa biyu a gindin dutse ɗaya, Gabaruwa a gabas, Marke a yamma. Mutanen Gabaruwa na sha daga idon ruwa da ke ɓuɓɓugowa a gindin dutsen, na Marke kuwa daga rafin da ke gangarowa ta wajensu. Da rikicin makiyaya ya haɗa su, Sarki Tanimu na Gabaruwa ya tuna cewa mafarin rafin nan a ƙasarsa yake. Sai ya ce a tare shi da duwatsu, a karkata shi kwazazzabon arewa, Marke ta ji ƙishi.

Sarkin Rafi Barmo, tsohon da ke kula da ruwan gari, ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a ɗauki dutse, ka ji labarin Cindo bafatake.

"Cindo ya ɓata a cikin duwatsu. Fatake kuwa sun saba, in hanya ta ɓace sai a bi ruwa, domin ƙaramin ruwa babba yake nema, bakin babba kuma ba ya rasa gari. Ya bi wani rafi wuni guda, sai ya ga rafin ya shige rami, shi ke nan. Ya leƙa, ya kewaya, ya zauna ya dafe kai. Can ya hango wata tsohuwa tana sheƙar acca.

"Ya ce, 'Iya, ina rafin nan ya tafi?'

"Ta ce, 'Zauna, ɗan nan, ka ji. Ina yarinya a nan muke sheƙa, iska na kai ƙaiƙayi cikin ruwa. Mutanen bayan dutse kuwa kowace kaka sai su ga ƙaiƙayi a idon ruwansu, alhali ba sa noman acca. Suka ce aljannu ne ke sussuka a ƙarƙashin ƙasa. Shekara bakwai suna yanka baƙin bunsuru. Da aka kai yayata Tabawa aure can, ta debo ruwa, ta duba, ta ce musu wannan ai accar babanmu ce. Kai ma hawa za ka yi ka sauka. Rafinka na can ya riga ka.'"

Sarki ya ce, "Barmo, ka ruɗa ni. Ni ne Cindo, ko masu bunsuru? Rafin nan yamma ya nufa, mu muna gabas. Ruwan da ya faɗi wancan gefen nasu ne, na wannan gefen namu. Ko ba kai ka koya mini haka ba?"

"A bisa dutse haka ne, ranka ya daɗe. Cikinsa ban taɓa shiga ba. Amma akwai wani rami da ke shanye rabin rafin kafin ya kai Marke. A ba ni kwando uku na ƙaiƙayi da kwana biyu."

Aka juye ƙaiƙayi cikin rafin, a inda za a tare shi. Ran na biyu da hantsi matan Gabaruwa suka cika ƙofar fada da tuluna, suna tambayar wanda ya ƙazantar musu da ruwa.

Sarki ya tsoma hannu a tulu, ya daɗe yana kallon ƙaiƙayin da ya manne masa a yatsu.

Ya ce, "Ashe mu ne masu bunsurun. A sallami masu ɗaukar dutse."