Yadda Bushiya Ta Sa Gizo Karatu

"Ku matso kusa, 'yan jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

A makarantar dabbobi ta bakin rafi, Malam Zalɓe ya raba wa ɗalibai wayoyi, ya haɗa su uku-uku. Kowace ƙungiya da zaurenta a cikin waya, inda za su riƙa tura wa juna murya suna bitar darasi. Ya ce, "Ranar Alhamis zan ja tsinke. Wanda ya faɗa kansa shi zai amsa wa 'yan ƙungiyarsa. In ya ci kun ci, in ya faɗi ku ukun ku maimaita aji."

Da Bushiya ta ji da wa aka haɗa ta, sai ta ce, "Kash, Hawainiya da Gizo!" Ita kuwa bara ta maimaita saboda jinya, kuma a makarantar nan wanda ya maimaita sau biyu korarsa ake yi.

Darasin shi ne yadda ruwan sama ke samuwa. Bushiya ta iya shi tsaf, Hawainiya ma tana lallaɓawa. Amma Gizo, tun da waya ta shiga hannunsa, ban da kallon dambe ba abin da yake yi. Bushiya ta tura murya, "Gizo, don Allah mu yi bita." Ya ce, "Ina zuwa." Ta sake, ya ce yana cin tuwo. Ta sake, ya yi banza da ita.

Baiwar Allah ta kasa cin abinci don fargaba. Can sai ta tuna halin mutumin: Gizo ba ya iya ganin wani ya yi kuskure bai yi masa tsiya ba.

Ran Litinin ta tura murya, "Hawainiya, ruwan sama ai wata randa ce ta fashe a sama, ko?" Kafin ka ce me, Gizo ya bar dambe, ya buɗe darasi don ya sami abin ƙure ta. "Kai, wannan daƙiƙiya! Rana ce ke ɗumama rafi, tururi ya tashi!"

Ran Talata ta ce, "To tururin nan, tsuntsaye ke shanye shi?" Gizo ya yi dariya har da faɗuwa, ya sake duba darasi. "Sanyi yake tararwa a sama, ya dunƙule ya zama gajimare!"

Ran Laraba ta ce, "Gajimaren kuma, huda shi ake yi da kibiya?" Ya ce, "Wayyo cikina! Nauyi yake yi, ya zubo!" Bai tsaya nan ba, ya kwashe muryoyinta duka ya tura wa 'yan makaranta. Hawainiya ta ce, "Ƙawata, ana ta yi miki dariya fa." Bushiya ta share hawaye ta ce, "Bar su, gobe nake ji."

Ran Alhamis Malam Zalɓe ya ja tsinke, ya faɗa kan Gizo. Bushiya ta dunƙule wuri guda. Gizo ya miƙe yana taƙama, ya zayyano darasi daga tururi har zubar ruwa, ko tuntuɓe babu. Malam ya ce, "Ku ukun kun ci."

Gizo ya fita yana shela, "Ni na goya wawaye biyu na haye da su!" Har aka gama makaranta ana kiran Bushiya 'Yar Randa. Abin yana mata ciwo ƙwarai, amma ba ta taɓa tona asirin ba, kuma ba a kore ta ba.

To kun ji. In an haɗa ku karatu, kada ka ce naka ya zauna ka huta. Sai na ɗan'uwanka ya zauna, ko da za a yi maka dariya a kai.

Ƙungurus kan kusu, tatsuniya ta ƙare.