Ranar da Aka Ɗauro Kakan Birane Biyu

Masu riwaya sun ce a can ƙasar Yunanawa, zamanin da aljanu ke auren mata bil'adama su gudu su bar su da goyo, akwai birane biyu masu kallon juna a bakin teku, Tirasa da Ilmara. Kowane birni na tutiyar cewa sarakunansa ne kaɗai tsatson Durmasu, sarkin aljanun teku, don haka shi ya cancanci mallakar mashigar jiragen da ke tsakaninsu. A kan wannan magana aka shekara arba'in ana gwabza yaƙi.

Sarki Damarku na Tirasa yana da 'ya'ya maza bakwai. Ranar da aka shigo da gawar na shida a kan garkuwarsa, autansu Kaliyanu ya tsaya a tsakiyar fada, ya ce, "Ranka ya daɗe, shida ke nan. Wa ya taɓa ganin Durmasun nan? Wa ya ji daga bakinsa cewa mu jininsa ne?"

Sarki ya daka masa tsawa. "Kai, ɗan yau! Nasabar da ke sassaƙe a bangon fadar nan tun kaka da kakanni kake tuhuma? Gobe kai za ka ja runduna."

"Ba zan ja ba, Baba. Zan je in kamo mai nasabar, ya zo ya faɗa da bakinsa."

Sarki ya rantse in ya fita sai an kankare sunansa daga bango. Kaliyanu ya fisgi guduma ya farfasa sunan da hannunsa, ya rataya takobi, ya fice.

Kwana goma sha tara yana keta saharar gishiri, wadda ƙasarta ke yanka kofaton doki kamar aska, har ya iso wata rijiya inda ya tarar da wani barde sanye da sulke mai tambarin Ilmara. Ko sallama ba su yi ba suka ruguntsume da azababben yaƙi, tun hantsi har rana ta karkata, tartsatsin wuta na tashi daga kaifin takubba. Can Kaliyanu ya doke kwalkwalin barden, sai ga gashin mace ya zubo.

Ta ɗora masa tsinin takobi a ƙirji tana huci, ta ce, "Ya kai ɗan Tirasa, ni ce gimbiya Malantiya. Mutanenka sun kashe ubana da ƙannena biyu. Ba don ina gaggawar zuwa in shaƙo wuyan Durmasu ba, da a nan zan binne ka."

Kaliyanu ya sauke takobinsa. "'Yan'uwana shida naku suka kashe. Wuyan da kike nema, shi nake nema."

Suka ɗauki hanya tare, ba mai yi wa wani magana sai dole.

Bayan wata guda suka isa Zarkum, birnin matsafa, inda gumakan tagulla ke gadin ƙofa suna kuka kamar zakuna, tsuntsaye masu kawunan mutane suna shawagi bisa hasumiyoyi, kogin narkakkiyar dalma kuma ya kewaye ganuwa. Suka yi kaca-kaca da gumakan, suka kutsa har turakar boka Gurzalu, wanda ya shekara ɗari uku a duniya, aka ce shi ya san hanyar fadar Durmasu. Da ya ji kaifi a maƙogwaronsa sai ya fashe da dariyar tsoro, ya ce, "Ni na rubuta wa kakanninku nasabar nan, duka biyun. Kowa abin da yake so ya ji na ba shi. Gaskiyar kuwa tana wurin Durmasu."

Malantiya ta kwaɗa masa mari har rawaninsa ya faɗi. Don ya tsira da ransa, ya fito musu da wata sarƙar baƙin ƙarfe, ya ce tana ɗaure Durmasu, amma sai a hannun jininsa. Sa'an nan ya nuna musu kogon da ke gangarawa ƙarƙashin teku.

Fadar Durmasu an gina ta ne da murjani da zubarjadi, rufinta ruwa ne tsaye ba ya zuba, dakarun aljanu dubu na tsaye a farfajiyarta. Shi kuwa yana kishingiɗe bisa karagar lu'ulu'u, gemunsa har cibiya, ana yi masa fifita.

Kaliyanu ya ce, "Ya kai sarkin aljanu, birane biyu sun ƙare da sunanka. Tirasa ko Ilmara, su wa ka haifa?"

Durmasu ya yi hamma. "Ya kai ƙaramin halitta, na haifi 'ya'ya sun fi ɗari tara a tsibiran duniya. Teku na ƙirga kifinta ne?"

Idanun Kaliyanu suka kaɗa suka yi jawur. Ya wurga sarƙar ta naɗe wuyan aljanin, amma da Durmasu ya girgiza sai ya maka Kaliyanu da bango har haƙarƙarinsa ya tsage. Dakaru suka yo ca. Malantiya ta daka tsalle ta cafke ɗaya bakin sarƙar, nan take ƙarfen ya yi ja kamar garwashi ya matse, Durmasu ya zube bisa gwiwoyinsa yana gurnani, dakarunsa suka ƙame. Jaruman biyu suka dubi juna, kowa riƙe da bakin sarƙa, suka gane abin da hakan ke nufi: su biyun duka jininsa ne.

Haka suka jawo shi har filin daga, inda rundunonin biranen biyu suka yi sahu za su sake gwabzawa. A gaban kowa Durmasu ya faɗi gaskiya: wata masunciya ce ta haifa masa tagwaye, ya tafi tun kafin ranar suna, ita kaɗai ta rene su. Ɗaya ya kafa Tirasa, ɗaya ya kafa Ilmara.

Sarki Damarku ya yi kururuwa, "Ƙarya ne! Ku afka musu!" Ba wanda ya motsa. Wani tsohon barde ya jefar da mashinsa, sauran suka bi, har ƙarar ƙarfe ta cika filin. Sarki ya dubi ɗansa, ya dubi kaburburan da suka cika gefen tudu, ya cire kambinsa ya ajiye a ƙasa, ya juya yana kuka.

Malantiya ta ja sarƙar ta ce, "Matar nan, kakarmu, mene ne sunanta?"

Durmasu ya sosa gemunsa. Ya manta.

"To, a nan za ka zauna," in ji Kaliyanu, "har ka tuna."

Aka ɗaure shi a jikin dutsen mashigar. Aka ɗaura auren Kaliyanu da Malantiya, aka naɗa su sarautar biranen biyu a rana guda, aka yi kwana arba'in ana shagali. Sarkin aljanun teku kuwa ya shekara uku cur a ɗaure, rana na dukansa, matan masunta na wucewa suna yi masa tsaki. Wata safiya, kwana shida bayan Malantiya ta haifi 'ya mace, masu gadi suka ji ya kwarma ihu, "Ariyasa! Sunanta Ariyasa!"

Sarki Kaliyanu ya sa aka kwance shi, ya ce ya koma tekunsa, ba a gayyace shi bikin suna ba. Washegari aka raɗa wa jaririyar sunan.