Butocin Datti

Akwai wani saurayi mai suna Shu'aibu da ya dawo gida Jos a 1978, bayan shekara bakwai yana aikin jirgin ruwa daga Legas. Ya tarar garin ya zama hedkwatar sabuwar jihar Filato. Tsofaffin ramukan kuza sun cika da ruwa. An sare mangwaron ƙofar gidansu a Laranto. Yayansa Datti kuwa, telan da a da ake layi a shagonsa, ya samu taɓin hankali. Muryoyi yake ji suna zaginsa.

Abu ɗaya ne ya riƙe Datti. Kafin kowace salla yakan je masallacin unguwa ya cika butocin alwala goma sha biyu, ya jera su, yana salati da ƙarfi. Ya ce in yana salati muryoyin kan lafa. Maganin asibiti ma da salla yake shansa, ƙwaya ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan magariba.

Wata rana Shu'aibu na zaune da abokai a bakin tasha, sai Datti ya wuce da bokiti.

"Oga na Legas," in ji wani, "ga yayanka can, Sarkin Buta!"

Aka kwashe da dariya. Shu'aibu ya bi shi har masallaci, ya ƙwace bokitin.

"Yaya, ya isa haka, kana ba mu kunya. Ai mai irin ciwonka an ɗauke masa alƙalami. Ka yi salla ko ka bari, ba a rubuta maka komai."

Datti ya dube shi. "Komai?"

"Komai."

Daga ranar bai ƙara zuwa masallaci ba. Da salla ta tsaya, magani ma ya tsaya. Mahaifiyarsu Hasiya ta yi ta tambaya, "Shu'aibu, me ka faɗa wa ɗan'uwanka?" Shi dai sai ya fice.

Mako biyu bayan haka Datti ya ɓace. A kwana na uku maƙwabcinsu Hyginus, mai tuƙa motar madara daga Vom, ya kawo shi, ba takalmi, ƙafa duk jini.

"A bakin titi na gan shi, ya toshe kunne," in ji Hyginus. "Shekara huɗu ina jin salatinsa ta taga. Ni ba na sallarku, amma da shi nake sanin lokacin fita aiki. Wa ya hana shi?"

Da yamma Shu'aibu ya je ya faɗa wa Liman Haladu gaskiya.

Liman ya girgiza kai. "Rabin karatu ka ɗauko, ɗana. Hisabi aka ɗauke masa. Wa ya ce maka an ɗauke masa Ubangijinsa?"

Datti ya yi wata biyu a asibiti, Shu'aibu na cika butocin a madadinsa. Da aka sallame shi ya koma shan magani daga hannun Hasiya, amma ko Liman ya zo da kansa ya lallashe shi, ba ya tashi ya koma masallaci.

Sai ga takarda daga Legas, jirgi zai tashi. Shu'aibu na cusa kaya a jaka, Datti ya tsaya a bakin ƙofa.

"Buta ta bakwai tana yoyo. Rabin ruwa ake zuba mata."

"Yaya, ka koma ka cika su mana. Ni ne na yi kuskure, wallahi."

Datti ya sunkuyar da kai. "Kai da kake yawon duniya, in ka haɗu da manyan malamai ka tambayar mini ko an ci gaba da rubuta mini."

Shu'aibu ya zauna a bakin gado, jakar a buɗe a gabansa. Daga masallaci aka fara kiran azahar.

Darasi: Kada kunyar mutane ta sa ka raba mara lafiya da abin da yake jingina da shi wajen Ubangijinsa. Ka taimaka masa ya riƙe addu'arsa da maganinsa tare. Ku tura wa duk wanda ke jinyar irin Datti a gida.