Ragunan da Suka Ƙi Layya

An yi wani mutum, ɗan ƙasar Dakoro, mahauci a unguwar Guillotière cikin birnin Lyon. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa na nan cikinmu. Shi da ƙanensa Daouda suka kama hayar wata fadama a bakin kogi, suka raba ta biyu, kowa na kiwon ragunan layya.

Ya 'yan uwa, ƙasar nan tana da wani tsari. Gwamnati na biyan makiyayi don ya bar fadama ta huta daga Afrilu har Yuli, ba yankan ciyawa, ba shigar da dabba, sai tsuntsayen da ke ƙwai a ciki sun ƙyanƙyashe. Su biyun suka ɗauki alkawari, aka biya su.

Daouda ya rufe rabonsa, ya ɗaure ragunansa kan tudu a gefe, ya yi ta sayen abincin dabba da tsada. Wansa kuwa dariya ya yi. Ya ce wa zai baro ofis a Paris ya zo ƙirga tsuntsaye? Ya ce kuɗin Nasara ai banza ce ta faɗi. Ya ciko kamiyo, babbar motar kaya, da raguna, ya zuba su cikin ciyawar nan. Ƙanensa ma sarkin tsuntsaye yake kiransa.

To, mutumin da ya tashi cikin rairayin Dakoro, ina ya san sharrin laka? Raguna suka wuni cikin danshi, suka kwana cikin danshi, kofato ya fara ruɓewa. Ciwo ya bi garke kaf. Ya yi magani a ɓoye, ina!

Ranar jajibiri masu sayen rago suka iso wajen mahaucin daga unguwar Minguettes, wasu tun daga Paris. Liman Abdou ya kama ragon da ya zaɓa, rago ya taka yana ɗingishi.

"Alhaji, wannan ai gurgu ne. Gurgu ba ya layya."

Aka jawo wani, gurgu. Aka jawo wani, gurgu. Jama'a suka tsallaka shinge zuwa wajen Daouda, suka tarar da raguna tsaye cak, suna karo da juna. Kafin la'asar ko ɗaya bai rage ba. Allahu Akbar!

Likitan dabbobi ya zo duba ciwo, ya ga fadama ta koma taɓo, ya kai rahoto. Aka ce mahaucin ya maido kuɗin gwamnati da ya ci, shagonsa na nama ya tafi wajen biya. Mai filin ya kore shi, ya damƙa wa Daouda fadamar gaba ɗaya. Yau mutumin nan yana kasuwar Rungis kusa da Paris, yana saɓa naman wasu a kafaɗa.

Wa ya gaya muku alkawari da wanda ba musulmi ba ba alkawari ba ne? Amana ba ta tambayar addinin mai ita. Wanda ya riƙe ta ya ci riba, wanda ya ci ta, ta ci shi.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya sa mu cika abin da bakinmu ya ɗauka. Amin.