Igiyar Kujera a Bakin Na'ura

A wani gari da ke gindin dutse an yi wani mutum mai saƙar kujeru, sunansa Filimon. Da igiyar roba yake saƙarsa, kore da ja da shuɗi, kuma wanda duk ya zauna a kujerar da ya saƙa ba ya marmarin tashi. Mutumin kirki ne, ba a raba shi da fara'a. Aibinsa ɗaya ne tak: in ya ga abu sau biyu, to, a wurinsa ya riga ya iya, tambaya kuwa ɓata lokaci ce.

Matarsa Afiniki tana da wata na'ura da ta koyo aikinta a birni. Firinta ake ce mata, amma ba takarda take bugawa ba. Zaren roba take ci, wanda aka naɗe a kwarkwaro. Zaren yakan bi ta cikin wani ɗan bakin tagulla mai zafi, ya narke, ya fito ta wata 'yar kafa kamar ta allura. Bakin ya yi ta yawo bisa faranti yana zuba robar layi bisa layi, har abin da aka zana a kwamfuta ya tashi tsaye, mutum ya sa hannu ya ɗauka. Da ita Afiniki take ƙera wa mutane abin da ya karye aka rasa irinsa a kasuwa, kamar maɓallin rediyo ko mariƙin murfin tukunya.

Filimon yana son kallon matarsa in tana kula da na'urar nan. Takan goge farantin tas kafin ta soma aiki, ta ɗiga mai a sandunan da bakin yake bi, ta taɓa bel ɗin da ke jan bakin da yatsa ta ji ko ya saki. Zaren kuwa cikin bokiti mai murfi take ajiye shi, don kada ya sha danshi. Yakan tsokane ta ya ce, “Maman Damaris, ko 'yarmu ba ta sami gatan da abin nan yake samu ba.” Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce Damaris tana da bakin faɗin inda ke mata ciwo, na'ura kuwa sai an saurare ta.

A garin akwai wani dattijo, Baba Zakka, wanda injin casar masara ya cinye masa yatsun hannun dama a kakar bara, ya bar masa babban yatsa kaɗai. Tun daga nan hannun ba ya riƙe ƙotar sungumi, wato doguwar fartanyar da ake saran shuka da ita. 'Ya'yansa suka matsa masa ya ba da gonar aro ya huta. Ya ce musu in bana ta wuce bai yi shuka da hannunsa ba, to, su ba wanda suka ga dama. Da bakinsa ya faɗa, amma kowa ya san gonar nan ita ce ransa.

Afiniki ta auna hannun dattijon, ta zana masa wani mariƙi da za a ɗaura a wuyan hannu ya kama ƙota. Zanen na kammaluwa sai ga ruwan shuka ya sauka mai yawa. Gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, kowa ya fito da irinsa. Laimar ruwan fari kuwa ba ta jiran kowa, in rana ta buɗe kwana kaɗan ne ta tafi.

Da safe Afiniki ta tafi taron zumuntar mata a ƙauyen da ke kusa, ta ce da ta dawo za ta kunna aikin Baba. Filimon ya ɗaga ƙyallen da take rufe na'urar da shi, ya ga zaren da ke kan kwarkwaro ya yi ƙasa. Ya ce a ransa, in ya ƙare ana tsakiyar aiki fa? Ya dubi igiyarsa kore, ya dubi farin zaren matarsa. Kauri ɗaya, santsi ɗaya. Roba dai ai roba ce! In igiyar ta yi, ga ta nan dami-dami a ɗaki, Baba ba zai rasa hannu ba. Nufinsa mai kyau ne, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Ya kunna na'urar yadda ya saba gani, ya zare farin zaren, ya tura igiyar kujera. Ba a daɗe ba sai wani ƙauri ya cika ɗakin, na'urar ta fara ƙas, ƙas, ƙas, ba abin da ke fitowa. Ya fizgo igiyar da zafinta, sai ta miƙe kamar yauƙin kuɓewa, ta tsinke, ta bar saura a ciki. Ya kashe na'urar ya koma kan saƙarsa, wai ko in ta huta za ta warke da kanta. Da ta yi sanyi ƙalau ya dawo da filaya, ya kama ɗan guntun da ya leƙo, ya ja iya ƙarfinsa. Guntun ya karye, na'urar ta yi tangal-tangal, saura kaɗan ta faɗo daga tebur. Sai ya sake kunna ta, ya cusa farin zaren a bayan abin da ya maƙale, ya kashe, ya mayar da ƙyallen ya rufe, ya buɗe taga.

Da rana ta karkata Afiniki ta dawo. Baba Zakka ma ya iso, ya zauna a bakin ƙofa da sunguminsa bisa cinya, yana ta duban sama. Ta kunna aikin. Ƙas, ƙas, ƙas. Robar da ke sauka a faranti siririya ce, tana yankewa.

Ba ta ruɗe ba. Ta duba kwarkwaro ko zaren ya harɗe, bai harɗe ba. Ta share haƙoran ɗan ƙarfen da ke tura zare, ta gwada, ƙarar tana nan. Ta tura zaren da hannunta, ta ji ya ƙi wucewa. Sai ta sunkuya ta shinshina.

“Baba, bakin ne ya toshe,” in ji ta.

“Akwai wani, 'yata?”

“Babu. Sai an aiko daga birni, kafin nan kuwa ƙasa ta bushe. Amma ka ba ni lokaci.”

Ta ɗago ta dubi mijinta sau ɗaya. Filimon ya ga jijiyar wuyanta ta miƙe, ya san ta gane. Ya sunkuyar da kai yana jiran aradu ta faɗo masa a gaban dattijo. Sai ya ji ta ce, “Baban Damaris, taimaka wa Baba da ruwan sha.”

Da ya dawo ya tarar ta ba bakin wuta sosai, ta yanko farin zare mai tsabta, tana tura shi a hankali har ya nutse cikin abin da ya toshe. Daga nan ta kashe wutar bakin, amma ba ta saki zaren ba. Ta riƙe shi da yatsu biyu tana ɗan dannawa, idonta a kan ɗan allon da ke nuna zafi yana sauka.

Filimon ya kasa haƙuri. “Ba za ki ja ba?”

“Da sauran zafi. In na ja yanzu, zaren zai fito ya bar dattin a ciki.”

Aka jima. Baba Zakka ya gyara zama, ya sake duban sama. Filimon ya matso kusa da matarsa.

“Kada fa ya huce ya kama,” ya ce, don shi ya san abin da hucewa take yi.

“Ba zan bar shi ya sandare ba. Shi ya sa ban ɗauke hannuna ba.”

Da zafin ya kai inda take so, roba ta yi ƙarfi amma ba ta daskare ba, sai ta dafe na'urar da hannun hagu, ta ja da na dama, ja ɗaya ba fizga. Zaren ya fito fat. Kansa ya ɗauki siffar cikin bakin daidai, har da ɗan tsininsa, ga baƙin ƙonanne ya manne a jiki, ga kuma wani ɗigo kore shar a tsakiya. Filimon ya gani. Kafin idon Baba ya kai wurin, Afiniki ta karye kan zaren ta ƙulle shi a bakin zaninta.

Ta sake yi, ta kuma sake, kowane karo da irin haƙurin farko, har kan zaren ya fito fari fat. Ta kunna aikin, robar ta sauko sumul, layi ya kwanta bisa layi. Filimon ya tsaya yana kallon hannuwan matarsa, ƙaunarta da kunyar kansa suka cika masa ciki. Ta ce wa Baba ya je ya huta, da sassafe hannunsa zai kasance a shirye.

Bayan tafiyar dattijon, rana ba ta kai ga faɗuwa ba, Afiniki ta kawo kunu ta zauna kusa da mijinta inda yake saƙa. Ta bari sai da ya sha. Sa'an nan ta kwance bakin zaninta ta ɗora masa guntun a tafin hannu.

“Baban Damaris, ga kayanka na tsinta.”

Ya daɗe yana dubansa. Sai ya faɗa mata duka, har da filayar. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta tashi ta buɗe bokitin nan, ta nuna masa sabon kwarkwaro cike da zare, ko ledarsa ba a yage ba.

“Da ka tambaya,” in ji ta. “Amma ba igiyar ce ta ɓata mini rai ba, na san don Baba ka yi. Ƙyallen da ka mayar ka rufe, shi ne ya yi mini ciwo.”

“Ki gafarce ni. Me ya hana ki faɗa tun ɗazu?”

“Ɗazu tafasa nake yi, da zafina kaɗai za ka ji. In kuma na bari sai gobe, ka riga ka gama shirya amsa.”

Filimon ya yi dariya, hawaye kuwa na zubo masa.

Da gari ya waye Afiniki ta ɗaura wa Baba Zakka mariƙin a wuyan hannu. Ya kama ƙotar, ya jinjina, ya kai sara. Ƙasar da ta biyo sungumin baƙa ce, da sauran laimarta. Dattijon ya ci gaba da sara har ƙarshen kunya. Filimon ne ya bi bayansa da ƙwaryar iri, yana zubawa yana rufewa da diddige.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Bakin na'urar nan zuciyar ɗan'uwanka ce. Ƙarama ce ƙwarai, abu kaɗan yake toshe ta, in kuwa ta toshe aikin alherin da Ubangiji yake so ya yi ta wurinta sai ya tsaya, wani da bai san hawa ba bai san sauka ba ya cutu. Igiyar kujera ita ce laifin da ya shiga, sau da yawa ma da kyakkyawan nufi ya shiga. Farin zaren kuwa maganar gaskiya ce da za ka shiga da ita don ka fitar da laifin.

Waɗansunmu masu ja da zafi ne. Da an yi mana laifi, nan take, a gaban kowa, mu zazzage duk abin da ke bakinmu. Maganar ta fito doguwa, mu ji sanyi a ranmu, laifin kuwa yana nan inda yake, har ya ƙara ƙonewa. Waɗansunmu kuma mu ne masu kashe na'ura mu tafi. Mu ce mun bar wa Allah, alhali gaba muka ƙulla. Sai bayan shekara, abu ya daskare, mu zo mu ja da ƙarfi, zumunci ya karye a hannunmu. Ni kam na fi jin tsoron na biyun, gama yana kama da haƙuri, har a ikilisiya akan yabe shi.

Ku dubi matar nan, ku yi sha'awarta. Ta ji zafi, ba dutse ba ce. Ta bar zafin ya sauka, amma duk tsawon jiran hannunta yana kan zaren. Ta rufa wa mijinta asiri a gaban baƙo, ba ta kuwa rufe laifin tsakaninta da shi ba. Haka Ubanmu na sama yake yi da mu. Ba ya fizgar mu cikin hasala, ba ya kuma juya mana baya har mu taurare. Yakan riƙe mu, ya jira sa'ar da ta dace, ya nuna mana abin da ke cikinmu, in bai fita duka ba ya sake, ba ya gajiya.

Mai yiwuwa wani a cikinku ya ce, nawa ya riga ya daskare. Akwai wanda kuke zama a majami'a ɗaya, kuna raira waƙa ɗaya, amma rabonku da gaisuwa har kun manta. To, abin da ya daskare ba a fara shi da ja, sai an sake ba shi wuta. Yau in an tashi, kada ka je masa da maganar. Je ka gaishe shi, ka tambayi lafiyar iyalinsa, ka zauna har a kawo maka ruwa, ka kuma sha. Maganar tana nan zuwa, amma sai ya fara jin ɗumin hannunka.