Tankin da Zargi Ya Fasa

An yi wani mutum a tsibirin nan namu na Nukufetau. Ba zan kama sunansa ba, don jikokinsa na zaune a cikinku. Ubansa ya rasu ya bar musu tankin siminti a cikin ƙasa, inda ruwan sama ke taruwa, shi da ƙanwarsa Seluia, wadda teku ta cinye mijinta.

Sai aka shiga shekarar fari. Kun dai san mu, ba mu da kogi, rijiyarmu kuma gishiri ce zalla. Mutumin nan ya tsiri zura sanda a tanki kowace safiya don auna ruwa. Tsawon tankin mita huɗu, faɗinsa uku, an sami murabba'in mita sha biyu. Kullum ruwan tankin na raguwa da santimita ɗaya, wato lita ɗari da ashirin, daidai bokiti shidan da gidajen biyu ke ɗiba. Amma gogan naku sai ya ɗauka cewa santimita ita ce ɗaya bisa goma ta mita, alhali ɗaya bisa ɗari ce. Lissafinsa ya ba shi lita dubu da ɗari biyu.

Ya 'yan uwa, kuskure ba zunubi ba ne. Zunubin shi ne daɗin da ya ji da ya sami wanda zai zarga.

Ya tare Seluia a bakin tanki, ya ce, "Ke, ina kike kai ruwa?"

Ta ce, "Haba Yaya! Bokiti uku nake ɗiba, a kan idonka. Yarana ko wanka sai a teku."

Ya ce, "Lissafi ba ya ƙarya, mutum ke yi."

Ya garƙama wa tankin kwaɗo, ya bar marayu suna bin maƙwabta da kwano. Matarsa Meleane ta ce, "Maigida, don Allah ka kai wa malamin makaranta ya duba lissafin nan." Ya ce au, ashe da ita ake haɗa baki. Ta kwashe kayanta ta koma gidansu.

Saura shi kaɗai, amma lissafi na nan yana ce masa ana sata. Wa zai zarga kuma? Sai ya ce lallai Seluia ta binne bututu ta ƙarƙashin ƙasa. Ya ɗauki diga ya hau tonon gindin tanki. Bai ga bututu ba. Abin da ya samu shi ne bangon da ya tsaga da hannunsa, ruwan gishiri ya kwarara ciki. Wallahi na ɗanɗana ruwan nan da bakina, ko alade ba zai sha ba.

Seluia ce ta riƙa aiko masa da rabin abin da ta roƙo. Yana sha yana shinshinawa, wai ko nasa ne. A haka ya mutu, bai taɓa cewa ta yafe masa ba.

Ya 'yan uwa, sau nawa kuke sake duba lissafinku kafin ku tuhumi ɗan uwa? Wanda ya shayar da zargi a zuciyarsa, da hannunsa zai rushe abin da yake gadi.

Allah ya kiyaye mu da mugun zato, ya raba mu da zuciyar da ba ta karɓar gyara. Amin.