Tsohon Manomi da Dutsen Yashi

Akwai wani tsohon manomi da yake zaune da matarsa a bakin wani ƙauye. Ɗa guda Allah ya ba su, shi ma sai da suka daɗe suna jira. Da ɗan ya girma, sai ya bi abokai zuwa kudu neman aiki. Da fari yakan aiko da gaisuwa, daga baya gaisuwar ta ragu, har ta yanke.

Kowace safiya tsohon da matarsa sukan ambaci sunansa a gaban Ubangiji. Shekaru suka yi ta wucewa, babu labari. Rannan tsohon ya ce wa matarsa, "Uwargida, ni na bari. Ni manomi ne, na san halin iri. Abin da aka binne ya daɗe haka bai tsiro ba, ya ruɓe."

Ba ta yi masa gardama ba, gama ta san ba taurin kai ba ne, ciwo ne. Ta ci gaba da addu'arta ita kaɗai, ta ƙara da sunan mijinta a ciki.

Ana nan sai waɗansu ma'aikata suka zo da babban injin haƙa, suka kafa shi kusa da gonarsa. Iskar gas suke nema, irin wadda ake girki da ita a birni. Suka yi watanni suna huda ƙasa. Tsohon ya saba, in ya taso daga gona, sai ya zauna a gindin ɗorawa yana kallonsu. A cikinsu akwai wata mace mai ilimin duwatsu, tsarar ɗansa. Yakan kai mata dafaffiyar gyaɗa, ita kuma ba ta wuce shi sai ta rusuna ta gaishe shi.

Wata rana ta zo masa da guntun dutse, ta ce, "Baba, riƙe wannan. Daga can ƙasa ya fito, zurfin da ya fi nisan gidanka da kasuwa." Ta ɗiga masa ruwa a kai, dutsen ya shanye nan take.

"Ikon Allah! Dutse da ƙishirwa?"

Ta yi dariya. "Dutsen yashi ne, cike yake da 'yan ƙofofi kamar soso. A cikinsu iskar take taruwa."

"To, 'yata, wa ya sauka can ya ɗura ta?"

Ta zauna kusa da shi ta ce, "Ba wanda ya sauka, Baba. Tun fil azal wurin nan ruwa ne. Ƙananan halittu da ganyaye suka riƙa mutuwa suna kwanciya cikin laka. Ƙasa ta rufe su, wata ta sake rufe wannan, har suka yi nisa. Nauyi ya danne su, zafin ƙasa ya yi ta dafa su a hankali, zamani bayan zamani, har suka zama iska. Iskar ta taso kaɗan kaɗan ta shige dutsen yashi. A samansa kuwa akwai wani dutse marar ƙofa, ya zauna kamar murfin tukunya, ya hana ta ficewa."

Tsohon ya juya dutsen a hannunsa. "Abin da ya mutu kenan?"

"Ya mutu, Baba, amma bai ɓace ba."

Ba a jima ba suka kai ga iskar. Da suka kunna ta don gwaji, wuta ta tashi a bakin bututu ta fi rimi tsawo. Mutanen ƙauye suka fito suna mamaki. Tsohon ya tsaya yana duban gonarsa, inda ya yi noma tun yana saurayi bai san abin da ake tarawa a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Sai ya juya gida da sauri.

Ya tarar da matarsa tana ɓarar wake. Ya ce, "Ajiye, zo mu yi addu'a."

"Da tsakar ranar nan, Maigida?"

"Da ita."

Suka durƙusa. Da ya zo kan sunan ɗan, kuka ya ci ƙarfinsa, sai ita ta faɗa a madadinsa.

Bayan damuna kaɗan ɗan ya dawo, da mata da 'yar ƙaramar yarinya. Ya faɗi a gaban ubansa ya ce, "Baba, babu ranar da ban yi niyyar dawowa ba. Kunya ce ta danne ni." Tsohon ya ɗago shi ya rungume, uwar kuwa tuni ta goya jikarta.

Ƙaunatattu, ga ma'anar wannan misali. Manomin ya auna addu'a da ma'aunin gero, wanda in bai tsiro cikin 'yan kwanaki ba an yi asara. Amma Ubangiji yana da ayyukan da yake yi can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Addu'o'inmu ƙanana ne, muna ganin kamar sun faɗi sun mutu, baƙin ciki ya taru a kansu ya danne. Ko ɗaya ba ta zube ba. Allah yana tara su, ya kuma rufe har lokacinsa ya yi. Waɗansunmu za su ga wutar da idonsu, kamar tsohon nan. Waɗansu kuwa sai 'ya'yansu ne za su ji ɗuminta.

Na san a cikinmu akwai wanda ya daina ambaton wani suna, don ya gaji. Ubangiji bai yi fushi da gajiyarka ba, ɗan'uwa. In ka koma gida yau, ka sake faɗar sunan nan. In muryarka ta ƙi fita, ka nemi wanda zai durƙusa kusa da kai ya faɗa maka.